Ranar da bawul ya ƙi bin lissafina

Tsohuwar rediyon Kawu ce, mai akwatin katako, ta yi shekaru a ɗaki tana shan ƙura. Da na kwance bayanta sai ga bawul, wato kwalaben gilashi marasa iska da ke sarrafa wuta, a jere kamar kwalaben turare. Wanda ke mayar da wutar AC zuwa DC an rubuta EZ80 a jikinsa, ƙoƙon kansa ya yi fari fat, alamar iska ta shiga, ya mutu.

Ni kuwa diyod na silikon na sani, ɗan abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai: ka cire bolt 0.7 da yake ci, ka ci gaba da lissafi. Na ce ai diyod diyod ne. Na ɗaura na silikon, 1N4007, guda biyu a madadin EZ80, na kunna. Ba a jima ba kafasita, mai ajiye wuta, ta fara huci, ta kumbura, ɗaki ya ɗauki wari.

"Kai ɗan nan, gyara kake ko ƙarasa ta?" in ji Kawu.

Abin da ban lura ba, taransifoma na ba da bolt 250 ta kowane ɓangare. Silikon ba ya jira. Kana kunnawa ya tura ƙololuwar wutar, wajen bolt 350, kan tsohuwar kafasita, alhali sauran bawul ɗin ba su yi zafi ba balle su ja wani abu. Shi EZ80 sai wayar cikinsa mai bolt 6.3 ta gasa katod, ƙarfen da ke sakin ilektoron, sannan ilektoron su fara tsallaka sararin kwalbar zuwa anod, ƙarfen da ke karɓar su, wuta ta taso a hankali.

Kuma EZ80 ba shi da adadin bolt guda da yake ci. Ilektoron ɗin kan taru kusa da katod kamar hazo, suna tare wa na bayansu hanya. Shi ya sa idan ka ninka bolt biyu, wutar da ke ratsawa takan ninku kusan 2.8, abin da masana kimiyya Child da Langmuir suka fitar a 1911 da 1913. Mamaki, tun 1904 masanin lantarki Fleming ya ƙera irinsa a Ingila, ga ni ina raina shi.

Da na samo wani EZ80, na canza kafasita, na ɗora mita: kusan bolt 20 yake cinyewa, kuma adadin na motsawa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Yanzu a lissafi ina ɗaukarsa diyod ne da rizisto, mai rage gudun wuta, a haɗe, sannan in koma jadawalin masana'anta in tabbatar.

Kawu ya murɗa, shiru. Ya harare ni. Na ce, "Kawu, a ba ta daƙiƙa goma sha biyar."