Ruwa ne ko tsoka?

Wurin aikina ɗaki biyu ne a Tudun Wada, Zariya: na zaman jira, da na ciki inda na'urar sikanin take. Masu juna biyu su ne yawancin cinikina, amma aikin da ke sa ni gyara zama shi ne na ƙoda.

Mutum zai shigo da takardar likita, yana dafe da kwiɓi. In kwantar da shi, in shafa masa man nan mai sanyi, in ce, "Baba, ja numfashi ka riƙe." Numfashin ne ke turo ƙodar ƙasa, ta fito daga bayan haƙarƙari. Ta dama ba ta da gardama, ta cikin hanta nake hango ta. Ta hagu kuwa sai na juya mutum, don iskar hanji kan tare ta. Ƙodar babban mutum tsawonta kamar santimita 9 zuwa 12 ne.

In na ga ƙulli, tambayar farko ita ce: ruwa ne ko tsoka? Jakar ruwa baƙa ƙirin take fitowa, zagayayya, bangonta siriri, bayanta da haske. Dattawa da yawa suna yawo da irinta ba su sani ba, galibi kuma ba ta cutarwa. Tsoka kuwa toka-toka ce, tana turo gefen ƙodar waje. Nan sai in kunna dofla, wato sashen na'urar da ke nuna gudun jini da launi, in duba ko jini na gudana a cikinta. In na ga launi ya taso, gabana kan faɗi, don yana iya zama ciwon daji.

Kwanaki aka kawo wani dattijo daga Giwa. Ya daɗe yana fitsarin jini, ana ta ɗura masa maganin tsargiya, don a ƙauye da an ga jini a fitsari tsargiya ake cewa. Ƙulli na samu a ƙodar hagu, santimita 7. Sau uku na auna.

Ɗansa ya biyo ni ƙofa, ya rage murya: "Malam, daji ne?"

Na ce masa na'urata ba ta yanke wannan hukunci. Girma da wuri da kama nake rubutawa, sauran sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda za a yi hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, likitocin mafitsara su duba. Ransa bai so ba, ya biya kuɗi yana jiran amsa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya linke ta ya sa aljihu, ya tambaye ni inda ake hawa motar Shika.