Jan takobi a hannun hagu

Sati uku bayan an yi min aikin sankarar mama, an cire na hagu haɗe da kaluluwar hammata, ko ɗankwali ba na iya ɗaurawa. Hannun da ya kai kafaɗa sai ya tsaya cik. Wata jijiya ta miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu kamar tsirkiya, in na ɗaga sai in ji kamar za ta tsinke. Ga shi likita ya ce ba za a fara min gashin radiyoterafi ba sai na iya kwanciya hannuna a saman kai.

Likitar fisiyo, mai kula da motsa gaɓoɓi, ta ba ni aikin gida: in fuskanci bango in riƙa hawa da yatsu, safe da yamma. Gaskiya ha'inci nake yi. In yi uku, tsoro ya kama ni, in nemi wuri in zauna.

Ɗan yayata ne ya zo da tabarau ɗin nan na Meta Quest, wanda ake sakawa a fuska a yi wasan kwamfuta kamar kana cikinsa. Ya ce, "Anti, don Allah ki gwada." Na ce ni da girmana, wasan yara? Sai da na tambayi likitar. Ta amince tunda an cire robar zuƙe ruwa kuma ɗinkin ya kame, amma da sharaɗi: a zaune, minti 10, a mafi ƙarancin gudu.

Wasan Beat Saber ne. Kana sakawa ɗakinka ya ɓace, akwatuna na tahowa, kai kuma da takubban haske biyu, shuɗi a dama, ja a hagu, kana sare kowane akwati da takobi mai launinsa. Wato duk jan akwati rabon hannun da aka yi wa aiki ne. Kiɗan bai yi min ba, na rage shi. Amma idan akwati ya taho ta sama, babu lokacin shawara da tsoro, hannu ne kawai ke tafiya. Da yaron ya nuna min bidiyon da ya ɗauka, na ga gwiwar hannuna ta kai kunne, inda ban taɓa kai ta a bango ba.

Nan kuma na yi wauta. Ranar Juma'a daɗi ya ɗebe ni na yi kusan minti 40. Na cire tabarau da jiri, da daddare hannun ya yi nauyi, zobe ya matse yatsa. Na tsorata, domin wanda aka cire wa kaluluwa kumburin hannu na iya zame masa na dindindin. Likitar ta auna da tef, ta dakatar da ni kwana huɗu, ta kuma yi min faɗa. Tun daga nan sai na saita ƙararrawa a waya, kuma ba na taɓa wasan sai na gama da bango. Tsirkiyar ma da tausar likitar ta saki, a hankali.

Ranar da aka kwantar da ni a na'urar gashi, ma'aikacin ya ce, "Hajiya, ɗaga hannu ki kama nan." Na kama, ya ci gaba da zana alamominsa.