Dandamalin da ke kan takarda da wanda ke cikin ruwa

Da na fara aikin duba lafiyar tsofaffin dandamalan haƙar mai a teku, kwamfuta ce abin dogarona. A ba ni zanen gini, in shigar da kaurin ƙarfe da tsayin igiyar ruwa, lissafi ya fito, in sa hannu. Wata rana wani dattijo cikin masu nutso ya leƙa zanen da ke gabana ya ce, "Injiniya, wannan na wace shekara ne?" Na ce na shekarar da aka kafa dandamalin. Ya ce, "To, wancan kake lissafawa. Wanda nake shiga ƙarƙashinsa daban ne."

Gaskiya ya faɗa. Galibin waɗannan dandamalan an tsara su ne su yi shekara 20 zuwa 25, da yawa kuwa sun zarce. A tsawon wannan lokaci an yi ta ɗora musu kaya, yau janareta, gobe tanki, ba duka ake rubutawa ba. Gansakuka da halittu masu ɓawo sun manne wa ƙafafu sun ƙara musu kauri, igiyar ruwa ta sami wurin duka. Tsatsa ta fi ɓarna a daidai bakin ruwa, inda ƙarfe ke jiƙewa yana bushewa, domin dunƙulen alminiyam da ake maƙalawa don tsatsa ta ci su maimakon ƙarfe sai a cikin ruwa suke aiki. Ƙasan tekun ma tana lotsawa: a filin mai na Ekofisk na ƙasar Norway, sai da aka ɗaga dandamalai da mita 6 a 1987.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gajiyar ƙarfe. Igiyar ruwa tana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan, sau miliyoyi, har tsaga ta fara a bakin walda. A ranar 27 ga Maris 1980, dandamalin Alexander Kielland, inda ma'aikata ke kwana, ya kife a can Ekofisk, mutum 123 cikin 212 suka rasu. Tsagar ta samo asali ne daga wata 'yar walda mai milimita 6 da aka maƙala na'urar sauraren sauti da ita a jikin sandar tokara, wato ɗaya daga cikin sandunan ƙarfe da ke riƙe ƙafafun dandamalin. Sandar ta karye, sauran suka bi, ƙafa guda cikin biyar ta fita. Waldar da ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai! Har yau idan na tuna mutanen nan jikina yakan yi sanyi.

Yanzu kafin in kunna kwamfuta sai na nemi sabon awon kaurin ƙarfe, da jerin duk abin da aka ɗora a sama tun farko. Ina kuma sa a gwada sandunan tokara ɗaya bayan ɗaya ko ruwa ya shige su, tunda a rufe aka yi su, in an sami ruwa a ciki to akwai tsagar da ta ratsa. Sannan in zauna da masu nutso in ji abin da idonsu ya gani, ko da bai shiga rahoto ba.