Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Dogon Saman Silin

Makon jiya na tsaya a inda Hajiya ta kama ni ina daka jan bulo a turminta, na kuma yi alkawarin yau zan shiga shekarun da na yi ina aikin dare a asibiti. A yi mini afuwa, ba can za mu ba. Ranar Talata na hau saman silin da tsumma a kafaɗa, na kunna wa ƙaramin layin dogona wuta, kan jirgi mai lamba 12 ya taso daga tashar Zariya, ya iso maraba ta uku ya cije. Ina tsugune ina kallonsa sai maganar Baba ta faɗo mini, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Allah ya jiƙansa, cewa yake yi: "Jirgi ba ranar da ya faɗi yake faɗuwa ba." Idan Inna ta ce tukunya ta fashe, wannan maganar ce. Idan auren wani ya mutu a kwatas ɗin reluwe, ita ce dai. Har muka riƙa kwaikwayonsa a bayan idonsa, ni da Yaya. To, Yaya ma zan zo kansa.

Saboda waɗanda suka shigo labarin a tsakiya: a saman silin ɗin gidanmu na Peterborough a Ingila akwai sarari a ƙarƙashin rufi, tsawonsa mita 7, faɗinsa 3 da rabi. Turawa tarkace suke zubawa a irin wurin. Ni kuwa tun 2009 nake shimfiɗa ƙaramin layin dogo a ciki. Tashar Zariya na kusurwar gabas, Kano na ɗaya ɓangaren da dalar gyaɗarta, ga kuma reshen Gusau da Ƙaura Namoda da ke lanƙwasawa ya ɓace a bayan tankin ruwa. Dogon da na shimfiɗa ya kusa mita 60, marabar layi 34. Mutanen da ke tsaye a tasha kowannensu bai kai santimita 3 ba, amma da hularsa, wasu har da buta.

Da na fara, jiragen kanti na saya irin na Hornby, na shafa musu fenti na ce na Nijeriya ne. Sai wani dattijon Bature a ƙungiyar masu wannan sha'awa da nake zuwa ranar Alhamis ya duba hoton, ya cire tabarau, ya ce dogon ƙasarku ai ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, waɗannan kuwa an ƙera su ne a kan awon dogon Ingila mai faɗi. Na ji haushi ƙwarai. Ni da aka haifa a bakin dogo, wanda bai taɓa shan ƙurar Sabon Gari ba zai koya mini? Kwana uku ina ƙunci, ranar ta huɗu na ɗauki biro. Faɗin ƙaramin dogon da ake sayarwa milimita 16.5 ne. Idan ka raba 1067 gida 64 za ka samu 16.7, kusan daidai ke nan. Ashe sai dai in mayar da komai kashi 1 cikin 64, kamar yadda masu yi a New Zealand suke yi, don su ma irin dogonmu gare su. Ma'ana duk tarago da kan jirgi sai na ƙera gangar jikinsa da hannuna daga roba da tagulla, in ɗora a kan ƙafafun na kanti. Dattijon ya rasu tuntuni. Ban taɓa ce masa ya yi gaskiya ba, ga shi yau na faɗa.

Mutane in sun hau suka gani, ginin suke yabo. Su tambayi yadda na yi rimi da kuka, yadda na samu jar ƙasa (bulon turmin Hajiya ne, a tankaɗe, a yayyafa, a ɗiga gam da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa). Babu wanda ya taɓa tambayata wa yake gogewa. Alhali ginin, in an haɗa duka, bai ci rubu'in lokacin da gyara ya ci ba.

Wutar da jirgi ke tafiya da ita ta cikin dogon take bi ta shiga ƙafafunsa, kuma inda ƙafa ke taɓa dogo bai fi bakin allura ba. Ƙura ta sauka, ta haɗu da ɗan maiƙo, ta zama wani baƙin datti siriri da ido ba ya gani sai ka shafa farin ƙyalle. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da jirgi. Da farko samfefa na sa, dogo ya yi ta ƙyalli ina murna, ashe ƙarzunan da na yi masa su ne suka zama maɓoyar datti, bayan wata guda abin ya fi da muni. Yanzu sifirit nake ɗigawa a tsumma mara gashi, in bi da ɗan yatsa, taku bayan taku, tun daga Zariya har Kano, sannan in kifar da kowane kan jirgi a kan soso in goge ƙafafunsa da auduga a tsinke. Mai kuwa, ɗigo ɗaya a bakin allura. Wanda ya cika wa jirgi mai, ƙura ya gayyato. Tun da na koma tsarin DCC a 2016, wanda kowane kan jirgi ke da 'yar na'urarsa da lambarsa, kana iya tuƙa biyar a layi ɗaya kowa da gudunsa, sai abin ya ƙara tsanani. Daɗi kam akwai, har da ƙara da usur. Amma wutar ta ɗauke na ƙiftawar ido, sai sautin ya mutu ya sake farawa daga farko, kamar mai waƙar da aka katse.

Duk safiyar Asabar ke nan, awa biyu, a durƙushe. Wata Asabar ina cikin bin dogon da yatsa na tsinci kaina ina ƙwanƙwasa mahaɗin da farce ina saurare. Sai na zauna a kan falanki na yi shiru.

Aikin Baba ke nan. Shekara kusan talatin, in ya sallame asuba, ya saɓa doguwar guduma, sifana a hannu, tuta ja da kore a aljihun kaki, ya bi rabonsa na dogo da ƙafa, ya je ya dawo. Ya bugi ƙarfe ya saurara. Noti ya yi sako-sako ya ɗaure, ruwa ya zaizaye tsakuwa ya kai rahoto, katako ya ruɓe ya yi masa alama. Shi ya ba ni labarin cewa dogo ya isa Kano a 1911, na Ƙaura Namoda a 1929, na Nguru a 1930, yana lissafa su kamar 'ya'yansa. Ya ga ƙarshen ƙaramin layin nan mai ƙafa 2 da inci 6 da ke tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, yana cewa in ya zo hawa mutum na iya sauka ya yi fitsari ya cim masa. Wannan kam ina jin ƙari ne irin na Baba.

Ni kuma da na shiga sakandare, aka tambaye ni sana'ar mahaifina, na ce direban jirgi ne. Shekara biyu ina riƙe da ƙaryar. Ranar ziyara ya zo da kakinsa da ƙullin ƙuli-ƙuli daga Inna, wani abokina ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baba, yaya tuƙi?" Ya dube ni. Ya ce wa yaron, "Lafiya lau, ɗana." Har ya koma ga Mahaliccinsa bai tayar da zancen ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Fitilarsa ce kaɗai na so a cikin kayansa. Ta hannu, mai gilashi ja da kore, ana murɗa kanta launi ya sauya. Ina Ingila ya rasu, ban samu jana'iza ba, na bugo na ce Yaya, don Allah a ajiye mini fitilar nan, ko gadon gona a ba ni kaɗan. Da na zo sadakar arba'in ya ce ai 'yan gwangwan sun zo, an haɗa da tsofaffin kwanuka. A kan kilo aka sayar da ita. Bai ko sunkuyar da kai ba da yake faɗa.

Shi ne kuma a bikin 'yar Goggo a 2014, na fito da waya ina nuna wa yara bidiyon jirgin yana shiga tashar Zariya, ya leƙo ya ce a gaban surukai, "Turai dai ta mayar mana da kai yaro. Da furfurarka kana wasan motar kara. Kuɗin nan da shago ka gina." Aka yi dariya, ni ma na yi, don yayana ne. Amma tunda yau ni ke riƙe da alƙalami: Yaya, lokacin da nake haɗa jirgin kara da gwangwanin madara da langa-langa a bayan kwatas, wa yake karɓewa ya ce nasa ne? Kuma jikokinka da ke bugo mini kowace sallah suna cewa Kaka a kunna mana jirgi, da wayar wa suke kira?

Na saki hanya. Kan zafi nake son zuwa.

Duk ɗan reluwe ya san dalilin da ake barin 'yar tazara a tsakanin dogo da dogo, wadda ke ba da ƙarar nan da ke sa fasinja barci. Ƙarfe in ya sha rana miƙewa yake yi, in bai samu wuri ba sai ya kantare. Ban fi shekara bakwai ba Baba ya sa yatsana a ramin da sanyin safiya, ya sake sa shi da azahar, na ji ya matse. Na san wannan tun kafin in san karatun boko. Duk da haka, a 2016, saboda mahaɗan dogona suna yawan yanke wuta, na ɗauki dalma na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙe ƙam, na mayar da mita da yawa ƙarfe guda. Na ce ai Ingila ce, wane zafi? Shekara shida lafiya lau. Sai ranar 19 ga Yulin 2022, ranar da aka auna digiri 40.3 a Coningsby, wanda ba shi da nisa sosai da mu, zafin da ba a taɓa rubuta irinsa a ƙasar ba. Saman silin ya zama tanda. Da yamma na hau, na tarar dogon da ke tsakanin Zariya da Kano ya yi lauje a wuri huɗu, ya tumɓuke daga matattakalarsa, ya watsar da tsakuwa. Maraba biyu sun murɗe, sai juji.

Hajiya ta leƙo daga kan tsani ta ce, "Alhaji, sauko kada ka suma." Na ce mata jirgin nan tun 2016 ya faɗi. Ta ce ita ba ta gane ba. Na ce ba da ke nake ba.

Gyaran ya ci ni har ƙarshen sanyi. Na yanka tazara a kowane gaɓa, kaurin katin banki. Sannan kowane guntun dogo na liƙa masa 'yan wayoyinsa biyu, na huda falanki na zura su ƙasa, na haɗa da manyan wayoyi biyu da suka zagaye wurin duka, don kada wuta ta sake dogara da mahaɗi. Da haka ya kamata in fara tun ranar farko, kowa a ƙungiya ya faɗa mini, ƙyuya ce ta hana. Waya sama da 200, ina kwance rigingine a ƙarƙashin katako, fitila a goshi, dalma na ɗigo mini a hannun riga. A nan ciwon bayan nan ya samo asali, ba a asibiti ba kamar yadda na gaya wa yara. Wannan karon kowace waya na ɗaura mata lamba, na rubuta a littafi, saboda wanda zai gaji wurin, in akwai.

A can ƙarƙashin ne kuma na gano ɓarnar ɓera. Dalar gyaɗar da nake alfahari da ita, ƙwayar alkama na jera na shafa wa fenti a matsayin buhuna, ɗaya bayan ɗaya, wata uku ina yi. Ɓeraye suka cinye ta daga ciki suka bar ɓawo, suka haɗa da wayar fitilun tashar Kano. Yanzu da yumɓu na sake ta. Ba ta kai waccan kyau ba.

Sau ɗaya ɗana na biyu ya kai ni Hamburg ta Jamus, wurin nan na nuna ƙananan jiragen ƙasa, Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, inda dogon ya haura kilomita 15, dare na yi gari na wayewa duk minti 15. Jama'a na ta ɗaukar hoton duwatsu da jiragen sama. Ni wani ma'aikaci na tsaya kallo, ya miƙa hannu can lungu da ɗan burushi yana share bakin maraba, ba wanda ya kula da shi. Sai da yaron ya jawo ni.

Na lamba 12 kuwa, sai daren Laraba na gano. Ƙwayar tsakuwa ɗaya ce, ba ta kai gero ba, ta saki daga inda gam bai ratsa ba, ta maƙale a bakin maraba ta hana harshen rufewa. Jikana ne ma ya hango ta, abokin faɗana, ya ce, "Tsoho, idonka ya ƙare, ka bar mini jiragen kawai." Na ce sai ka fara koyon gogewa. Na ba shi tsumma, ya yi mita biyu ya ce hannunsa ya gaji.

A watan jiya a wata kasuwar tsofaffin kayan jirgi na ga fitila irin ta Baba sak, har da murɗin, fam 45. Na ɗauka, na murɗa ja, na murɗa kore. Mai kayan ya ce zai rage mini biyar. Na ajiye masa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, asibitin.