Sanduna biyu da suka ɓoye mini kuskure

Kawuna dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, ni kuma nake riƙe masa lissafi da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakinmu na Agege. Ƙananan manhajoji biyu na rubuta masa da harshen kwamfuta na Perl. Ɗaya tana shigar da buhunan da aka sauke daga motocin Aliero da Sakkwato, ɗayar kuma tana karanta fayil ɗin da aka shigar da su da yamma ta fitar da jimla.

Ranan nan sai jimla ta fito sifili. Kawu ya bugo waya: "Ɗana, mota uku aka sauke a kan idona, na'urarka ta ce babu ko buhu ɗaya?"

Sai bayan isha'i na gano. Fayil ɗin ne na mayar wani wuri na manta, wannan mai sauƙi ne. Abin da ya dame ni shi ne shirun da manhajar ta yi, alhali na rubuta mata:

open FH, $fayil || die "ya ƙi buɗuwa";

A tunanina na ce mata ta buɗe, in ya ƙi ta tsaya ta yi ƙorafi. Ashe a Perl alamar ||, wato sandunan nan biyu, ta fi waƙafi ƙarfin riƙo, don haka sunan fayil ta kama, ba sakamakon buɗewar ba. Suna kuwa yana nan, ba fanko ba ne, sai aka tsallake die, umarnin tsayawa da ƙorafi, kullum. Da na sa kalmar or a madadin sandunan, wadda ita ce a can ƙasa wajen ƙarfin riƙo, nan take kuskuren ya bayyana. Na ƙara $! a saƙon domin ya riƙa faɗin dalili.

Kullen da ake sa wa fayil don kada manhajojin biyu su yi karo a kansa ma haka. Ina kiran flock, umarnin kulle fayil, ba na duba ko ya kamu. Kuma kullen flock irin labulen ƙofa ne, mai sallama kaɗai yake tsayarwa. Manhaja mai karantawa tana neman LOCK_SH, kullen masu karatu, amma mai rubutawa ba ta taɓa neman LOCK_EX, kullen mai rubutu, ba, wato tana iya kutsawa ana tsakiyar karatu a ɗauko rabin layi. Allah ne ya rufa asiri.

Washegari da gangan na sauya sunan fayil ɗin, na kunna. Ta tsaya, ta faɗi dalili. Sannan na kira Kawu na karanta masa jimlar jiya.