Saƙon Godiya Bisa Rasuwar Mahaifinmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A madadin Mama da ƙannena da sauran dangi, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga jinyar Baba har zuwa ranar da Allah ya karɓi abinsa. Waɗanda suka halarci jana'iza, da masu zuwa ta'aziyya, da masu bugo waya daga nesa, Allah ya ba da lada, ya bar zumunci.

Wanda bai taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ba da wuya ya san nauyinta. Hawan jini ne ya yi ta cin ƙodojin Baba a ɓoye, har aka kai ga wankin ƙoda: sau 3 a mako, kusan awa 4 yana jone da na'ura, ruwan sha ma sai an auna masa. Jininsa kuma kullum ƙasa yake yi, don ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya haɗa jini. Samarin da suka yi ta zuwa ba da jini, wasunku ko sunanku ban sani ba, amma Allah ya san ku. Haka ma'aikatan jinya, da suka jure faɗan Baba (kowa ya san bai iya ɓoye ɓacin rai ba) suna kiransa Babansu.

Sai Baffa, aminin Baba tun ƙuruciya. Mu 'ya'ya ba ma iya jin zancen mutuwa daga bakinsa, da ya ɗauko sai mu ce, "Haba Baba, za ka tashi." Baffa, ku ne kuka zauna kuka saurare shi har ya gama. Kuka ɗauki biro kuka rubuta wasiyyarsa, da bashin da yake bi da wanda ake binsa, kuka je da ƙafarku neman masa yafiyar mutanen da ya lissafa. Daga nan ne hankalinsa ya kwanta. A ganina wannan ya fi duk wata hidima da aka yi masa, har da tamu.

Ina da roƙo. Jama'a sun fara raguwa, kuma yanzu ne kewa za ta kama Mama sosai. Masu hali ku riƙa leƙo ta, ko ba da doguwar magana ba.

Duk wanda yake bin Baba bashi, ko ya ba shi ajiya da ba ta shiga takardar Baffa ba, don Allah ya neme ni kafin a raba gado. Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan.