Gado tsakanin azuzuwa a Python: lissafin buhun hatsi da kuɗin dako

Da Python na rubuta wa wani mai sayar da hatsi a Tudun Hatsi, Gombe, ƙaramar manhajar lissafi. Na fara da aji ɗaya (class, wato tsarin da ke haɗa bayanai da ayyukansu wuri guda), Kaya, mai ɗauke da suna da kuɗin saye da ayyuka biyu: farashi() da ke ɗora riba, da rasit() da ke buga abin da mai saye zai biya. Da na rubuta class Hatsi(Kaya), sabon ajin ya gaji komai ba tare da na maimaita ko layi ɗaya ba.

Amma kowane buhu akwai kuɗin dako, shi ya sa na sake rubuta farashi() a cikin Hatsi. Sabon aikin danne na uwa, wato ajin Kaya, yake yi gaba ɗaya, Python ba ta haɗa su. In ana son lissafin riba ya ci gaba, sai a kira na uwa da super().farashi() a ɗora dako a kai. A gwaji na saka buhu naira 40,000, riba kashi 10, dako 500, ya fito 44,500. Haka __init__, aikin da ke saka bayanan farko na abu, yake: in ɗa, wato Hatsi, ya rubuta nasa bai kira na uwa ba, suna da kuɗin saye ba za su samu ba, sai saƙon kuskure na AttributeError ya ɓullo can wajen buga rasit, nesa da inda aka yi ɓarnar.

Ban taɓa rasit() ba, amma da yake self.farashi() yake kira, dakon ya shiga da kansa. Python daga ainihin ajin abin take fara nema ta haura sama, kuma Hatsi.__mro__ zai nuna maka jerin.

Wanda ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya fitar da wani gargaɗi. Rubuta farasi() maimakon farashi(), ka ƙirƙiri sabon aiki ke nan, rasit ya fito 44,000, dakon ya salwanta a kowane buhu ba wanda ya sani. Java tana da @Override, alamar da ke nuna aikin zai danne na uwa, kuma ba za ta harhaɗa lambar ba in sunan bai dace ba. Python sai a siga ta 3.12, a 2023, ta kawo @override cikin typing, shi ma sai ka bi lambar da manhajar bincike irin mypy ko pyright kafin ya kama kuskuren.

Sai sunan da ya fara da layin ƙasa biyu. Python tana mayar da __farashi na cikin Kaya zuwa _Kaya__farashi, don haka wanda ɗa ya rubuta ba zai danne shi ba. Duk aikin da nake so a iya sauyawa, layin ƙasa ɗaya nake sa masa ko in bar shi haka nan.